Inci 19: Tarihin Akwatin Ƙarfen Da Ke Riƙe Da Amfilifaya

Mai karatu, in ka taɓa halartar shagalin biki, ko wa'azin ƙasa, ko gangamin siyasa a babban fili, na san idonka ya fi tsayawa kan manyan lasifikokin da aka jibge dama da hagu. Ai dole, su ne ke girgiza wa mutum ƙirji. Amma da za ka bi wayoyin da suka fito daga bayansu, za su kai ka wurin wani baƙin akwati mai tayoyi da aka rakuɓe a gefe, cike da na'urori an jera su wata bisa wata, ƙananan fitilunsu na ta ƙyaftawa. Masu sana'ar sauti suna kiran akwatin nan rak. Na'urorin da ke cikinsa kuwa su ne amfilifaya, wato masu karɓar siririyar siginar da ta fito daga makirfo da miksa, su ƙara mata ƙarfi har ta iya motsa lasifika.

Ni ban taɓa kula da wannan akwati ba sai a bikin ƙanwata, cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafin nan na Kano da ke kaiwa digiri 40. Sau uku sauti na ɗaukewa ana tsaka da taro, alhali janareta na ta aiki. Da na zagaya baya sai na tarar mai kayan ya jingina rak ɗinsa da bango, ya kuma lulluɓe shi da wani tsohon bargo, wai kar ƙura ta shiga. Muka yaye bargon, muka janyo akwatin daga jikin bango, sauti bai ƙara yankewa ba har aka tashi. Bawan Allah ba ganganci ya yi ba, kayansa yake tattali. Sai dai bai san cewa abin da ya lulluɓe ɗin, a ma'aunin kimiyya, ya fi kusa da murhu a kan rediyo ba.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin akwatin nan. Abin da na gano shi ne, kowace ƙa'ida ta ɗaura amfilifaya a rak, daga faɗinta har zuwa wadda ake fara kunnawa, akwai tarihin da ya haife ta. Wata asarar dukiya ce ta koyar da ita, wata kuma sai da aka rasa rai. Bari mu bi su daki-daki.

Tarho ne ya haifi rak

Ɗauki tef ka auna fuskar kowace amfilifaya ta masu sana'a, ko ƙirar Amurka ce, ko ta Jamus, ko ta Sin. Inci 19 za ka samu, wato milimita 482.6. Wannan awo bai da alaƙa da kiɗa ko kaɗan a farkonsa. Daga kamfanin tarho ya fito.

A farkon ƙarni na 20, babbar damuwar kamfanin AT&T na Amurka ita ce nisa. Murya in ta shiga wayar tagulla raguwa take yi a hankali, kamar ruwan ban-ruwa da ƙasa ke tsotsewa kafin ya kai ƙarshen gona. In tafiyar ta yi tsawo, wanda ke ɗaya ɓangaren ba abin da zai ji sai shuu. A 1906 wani Ba'amurke mai suna Lee de Forest ya ƙera wata kwalba mai kama da ƙwan lantarki, ya sa mata suna Audion. Ita ce kakar abin da masu gyaran rediyo na da ke kira bawul. Abin mamakinta shi ne, 'yar ƙaramar sigina na iya juya babbar wutar da ke ratsa cikinta yadda take so. Ka riƙe wannan, don shi ne ma'anar amfilifaya har gobe: ba ta ƙirƙirar ƙarfi daga babu, wutar soket take ɗiba ta sassaƙa ta daidai da kamannin muryarka.

AT&T ya sayi haƙƙin amfani da kwalbar a 1913, injiniyansa Harold Arnold ya inganta ta ta hanyar zuƙe iskar cikinta sosai. Ranar 25 ga Janairu, 1915, Alexander Graham Bell yana New York ya yi magana da tsohon mataimakinsa Thomas Watson da ke San Francisco, nisan da ya haura kilomita 5,000. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne amfilifaya da aka dasa a tashoshi a kan hanya, kowace ta karɓi muryar da ta galabaita ta farfaɗo da ita ta miƙa gaba.

To, layi ɗaya ke nan. Da layuka suka yawaita, sai ofisoshin tarho suka cika da waɗannan na'urori, kowace da irin girmanta, suna cin wuri, gyaransu na ba da wahala. Wajajen 1922 kamfanin ya tsayar da tsari guda: ginshiƙan ƙarfe biyu a tsaye masu jerin huji, kowace na'ura kuma a yi mata fuska mai faɗin inci 19, tsayinta ya zama ninkin inci 1.75. Wannan inci 1.75, wato milimita 44.45, shi ne ake kira U a yau. In ka ji an ce amfilifaya 2U ce, ana nufin tsayinta inci uku da rabi. Daga baya aka rubuta tsarin a matsayin ƙa'ida, EIA-310 a Amurka, IEC 60297 a matakin duniya. Galibin kwamfutocin da ke riƙe da intanet a cibiyoyin adana bayanai a kan wannan awon suke zaune har yanzu.

Ka ga ke nan, tun ranar farko don amfilifaya aka yi rak. Kuma akwai wani ɗan sirri a jikin hujin da ke rikita sabon shiga. Tazararsu ba ɗaya ba ce. Kowane U yana da huji uku, tazarar kuma tana tafiya ne haka: biyar bisa takwas na inci, biyar bisa takwas, sai rabin inci. Wannan gajeriyar tazarar ta rabin inci ita ce iyaka tsakanin U da U. In ka fara ɗaura na'ura daga tsakiyar U, sukurun sama zai shiga, na ƙasa ya ƙi, ka yi ta zargin maƙerin alhali kai ne ka tsallake iyaka.

Kafin mu bar kamfanin tarho, akwai wani abu da ya bar mana. Kowace amfilifaya tana ɗan gurɓata sautin da ta ƙara wa ƙarfi, in kuma aka jera su da yawa a layi ɗaya gurɓatar taruwa take yi. Ranar 2 ga Agusta, 1927, wani matashin injiniya mai suna Harold Black yana cikin jirgin fito a kogin Hudson, zai tafi aiki, dabara ta faɗo masa, ya zana ta a jikin jaridar New York Times da ke hannunsa. Dabarar ita ce a ɗebi kaɗan daga abin da amfilifaya ta fitar, a juya shi, a mayar mata ta ƙofar shiga, don ta riƙa gwada abin da ta fitar da abin da aka ba ta tana gyara kuskurenta. Kusan duk amfilifayar da ka taɓa jin sautinta da wannan dabarar take aiki.

Daga ofishin tarho zuwa filin taro

Wanda ya iya ƙara wa murya ƙarfi a cikin waya, ai zai iya ƙara mata a fili. Ranar 11 ga Nuwamba, 1921, shugaban Amurka Warren Harding ya yi jawabi a maƙabartar Arlington wajen binne wani sojan da ba a san sunansa ba. Injiniyoyin kamfanin tarho suka ɗauki jawabin ta waya, jama'a a New York da San Francisco suka saurare shi ta manyan lasifikoki a daidai lokacin da yake yi. A 1927 kuma fim ɗin The Jazz Singer ya buɗe zamanin silima mai magana. Kamfanin Western Electric, wanda shi ne reshen AT&T mai ƙera kaya, shi ya wadata gidajen silima da tashoshin rediyo da dama da na'urorin sauti, ya kuma kawo su a irin maratayin da ya saba da shi. Ta nan awon inci 19 ya tsallako daga tarho ya shiga duniyar sauti, bai sake fita ba.

Amfilifaya ta wancan zamani 'yan wat kaɗan take bayarwa, gomomi in ta yi yawa. Hakan ya wadatar a ɗakin silima, inda mutane ke zaune shiru kuma lasifikokin masu dogon bakin ƙaho ne da ke tattalin ƙarfi. Rigima ta taso ne da taro ya koma filin ƙwallo, 'yan kallo kuma suka daina yin shiru.

Ranar da ihu ya rinjayi na'ura

Ranar 15 ga Agusta, 1965, mawaƙan nan na Ingila, Beatles, suka yi wasa a filin Shea da ke New York gaban mutum 55,600. Amfilifayar kayan kiɗansu ƙirar Vox ce mai wat 100, wadda a lokacin ake ganin ta kai maƙura. Ihun 'yan kallo ya binne komai. Jama'a ba su ji waƙa sosai ba, su ma mawaƙan ba sa jin kansu. Shekara guda bayan nan, a Agustan 1966, suka daina yawon wasa gaba ɗaya, kuma rashin jin abin da suke kaɗawa na cikin dalilan.

Me ya sa wat 100 ya gaza? A nan sai mun ɗan taɓa lissafi, amma kar ka tsorata. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara, ƙarin da kunne zai ji amma ba zai burge shi ba. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka, sai ka ninka wat kusan sau goma. Sannan a buɗaɗɗen fili, duk lokacin da ka ninka nisanka daga lasifika, desibel 6 ke zubewa, wato ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ga kuma wata: lasifika ta gama-gari 'yan kashi kaɗan cikin ɗari na wutar da aka ba ta take mayarwa sauti, sauran duk zafi ne. Haɗa waɗannan uku, za ka gane dalilin da ya sa cika filin ƙwallo da sauti ke buƙatar dubban wat.

Abin da ya buɗe hanya shi ne taransista, wadda aka ƙirƙiro a ɗakin binciken Bell a Disambar 1947. Ba ta da gilashin da zai fashe a mota, ba ta buƙatar a gasa wata waya ta yi ja kafin ta fara aiki. Sai da aka ɗauki kusan shekara ashirin kafin ta yi ƙwarin ɗaukar babban aiki. A 1967 kamfanin Crown da ke Elkhart a jihar Indiana ya fitar da DC-300, mai ba da wat 150 a kowace tasha cikin tashoshinta biyu, da fuska mai inci 19. Masu hayar sauti suka rungume ta, suka fara jera su a akwatuna masu tayoyi. Duk da haka bawul bai mutu nan take ba. A taron Woodstock na Agustan 1969, inda kimanin mutum 400,000 suka hallara a wata gona a jihar New York, injiniya Bill Hanley ya dogara ne da amfilifaya ƙirar McIntosh, ciki har da masu bawul.

Ka lura da canjin da ya faru a nan. Rak na kamfanin tarho a kafe yake a ƙasa, cikin ɗaki, ba ya motsi shekara da shekaru. Yanzu an sa masa tayoyi, ana cusa shi a babbar mota, ana sauke shi kowane dare a sabon gari. Sai sababbin matsaloli suka ɓullo, ta farko kuwa ita ce nauyi.

Darasin nauyi

A 1974 ƙungiyar mawaƙa ta Grateful Dead ta Amurka ta fito da wani tsarin sauti da aka yi wa laƙabi da Katangar Sauti, wanda Owsley Stanley ya jagoranci tsara shi. Lasifika kusan 600 aka gina kamar bango a bayan mawaƙan, amfilifaya McIntosh MC2300 guda 48 ke tura su. Kowace tana ba da wat 300 a tasha, wato 600 a haɗe, jimilla wat 28,800. Nauyin kowace ɗaya kimanin kilo 58 ne, ya zarce buhun siminti. Ninka da 48, amfilifaya kaɗai sun doshi tan uku. Dukan kayan kuwa sun kai kimanin tan 75. Waɗanda suka ji sautin sun yaba da tsabtarsa, amma ɗawainiyar dakonsa da biyan ma'aikata ta yi wa ƙungiyar yawa. Kafin shekarar ta ƙare an wargaza katangar.

Me ke sa amfilifaya nauyi haka? Taransifoma ce, curin ƙarfe da aka naɗe da wayar tagulla. Wutar gida tana kai da komo sau 50 ko 60 ne kawai a daƙiƙa, kuma taransifomar da za ta ɗauki babban ƙarfi a wannan jinkirin dole ta zama ƙatuwa.

Daga irin wannan wahala aka samo ƙa'idojin da kowane mai haɗa rak ya sani. Na ɗaya, mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama. Rak ɗin da aka ɗora wa amfilifaya a ka, in tayarsa ta faɗa rami ko ana gangaro da shi daga mota, kifewa zai yi, kuma ƙafar wani zai samu. Na biyu, kunnuwan gaba kaɗai ba su isa riƙe na'ura mai nauyi ba. In aka ɗaure fuskar da sukuru huɗu aka bar gindin na lilo, kowane gargada a hanya lanƙwasa ƙarfen yake yi, har wata rana kunnen ya tsage ko allon cikin ya karye. Shi ya sa ake tallafe ta ta baya da wasu ginshiƙan, ko a sa mata kanta a ƙarƙashi. Duk wanda ya san hanyoyinmu ya san wannan ƙa'idar ta fi shafarmu a kan waɗanda suka ƙirƙiro ta.

Murhun da ke cikin akwati

Yanzu mu dawo kan bargon nan na bikin ƙanwata. Yawancin amfilifaya na gargajiya irin da ake kira aji AB ne. A irinsu taransista tana aiki ne kamar famfon da aka buɗe rabi: wutar da ba ta wuce zuwa lasifika ba, a jikinta take ƙonewa ta zama zafi. Ko a takarda, iyakar ingancin wannan tsari kashi 78.5 cikin ɗari ne, shi ma sai an ƙure ta. Amma kiɗa da magana ba a ƙure suke tafiya ba, hawa da sauka suke yi. Injiniyoyi kan ɗauka cewa matsakaicin abin da amfilifaya ke fitarwa lokacin taro kashi ɗaya cikin takwas ne na ƙarfinta. A wannan matakin ingancin yana faɗowa zuwa kimanin kashi 28.

Mu gwada da amfilifaya mai wat 1,000. Kashi ɗaya cikin takwas wat 125 ke nan. Don ta fitar da shi za ta ja kimanin wat 450 daga soket. Ina sauran 325? Zafi. Jera takwas a rak ɗaya, ka samu wat 2,600 na zafi zalla, kamar ka kunna dutsen guga biyu ko uku ka rufe su a akwati. Yanzu sai ka ɗora bargo a kai, a watan Afrilu.

Amfilifaya mai hankali tana da na'urar da ke kashe ta in zafi ya wuce kima, abin da ya faru a bikinmu ke nan. Amma ko ba ta kai ga mutuwa ba, zafi na cin ta a ɓoye. Akwai sananniyar ƙa'ida a wajen masu lantarki cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon rayuwar kafasita mai ruwa gida biyu. Wato kayan da ya kamata su yi shekara goma sai su gaji a biyar, mai su yana cewa jabu aka sayar masa.

Saboda haka ake tsara rak kamar yadda ake tsara ɗaki mai tagogi. Galibin amfilifaya masu fanka suna shaƙar iska ta fuska ɗaya su fitar ta ɗaya, don haka gaba da baya duk a bar su a buɗe, a kuma nisanta su da bango. Kar a haɗa mai hurawa gaba da mai hurawa baya a jere, domin wata za ta riƙa shaƙar zazzafan numfashin 'yar'uwarta. Gurbin da ba kowa a toshe shi da farantin ƙarfe, in ba haka ba iskar da ta fita ta baya za ta zagayo ta nan ta sake shiga. Wadda ba ta da fanka, wadda ke sanyaya kanta da haƙoran ƙarfen jikinta, ita kuma a bar mata sarari sama da ƙasa. Maganin ƙura kuwa shi ne soson tace iska da ke bakin fankar, a riƙa cire shi ana wankewa, musamman lokacin hunturu.

Akwai kuma wata hanyar da muke ƙara wa kanmu zafi. Lasifika mai om 8 in ka haɗa biyu a tasha ɗaya gefe da gefe sun koma om 4, in huɗu ne om 2. Duk raguwar om ƙarin wuta ce amfilifaya za ta tura, ƙarin zafi ke nan. Kafin ka ƙara lasifika, duba bayan na'urar ka ga mafi ƙarancin om ɗin da aka rubuta mata.

Wayar da ba a cirewa

Wannan sashen shi ne wanda nake roƙon ka riƙe ko da ka manta sauran. In an haɗa na'urori da yawa, wani lokaci za ka ji lasifika na wani gurnani, huuum, ko ba a magana. Sau da yawa abin da ke jawo shi shi ne na'urori biyu sun haɗu da ƙasa ta hanyoyi biyu daban, ta wayar wuta da kuma ta wayar sauti, sai 'yar wuta ta riƙa zagaye a tsakaninsu. Gurnanin da kake ji kaɗawar wutar gida ce, sau 50 a daƙiƙa a ƙasashenmu. Wasu sun gano cewa in suka karye dogon ƙarfen nan na uku a jikin fulogi, ko suka cire wayar ƙasa, gurnanin na ɗaukewa. Gaskiya ne yana ɗaukewa. Amma ka san aikin wayar?

Jikin amfilifaya ƙarfe ne, rak ƙarfe ne, makirfo ma ƙarfe ne, kuma duk a haɗe suke. In wata waya mai wuta ta kwance a ciki ta taɓa jikin na'ura, wayar ƙasa ce ke kwashe wutar nan take har fis ya ƙone ko makashin wuta ya faɗi. In babu ita, wutar za ta zauna a jikin ƙarfen tana jiran hanya. Hanyar kuwa ita ce mutumin da ya kama makirfo.

Ranar 3 ga Mayu, 1972, a garin Swansea na yankin Wales a Birtaniya, Leslie Harvey, makaɗin jita na ƙungiyar Stone the Crows, ya taɓa makirfon da ba a haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata ba, a kan dandamali gaban 'yan kallo. Wuta ta ja shi, ya mutu. Shekarunsa 27, kusan sa'ana. Wutar da ta kashe shi irin wadda ke soket ɗinmu ce, mai bolt 230 zuwa 240. Ka tuna mai wa'azi ko mai gabatar da taro da ke tsaye a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da damina, makirfo a hannu, leɓensa na taɓa ƙarfe.

Gurnani ana maganinsa ne ta ɓangaren sauti. A ciyar da dukan kayan sauti daga tushen wuta guda. A yi amfani da wayar sauti mai ƙafa uku, wadda ke ɗauke da sigina biyu masu kishiyantar juna a murɗe, ta yadda duk hayaniyar da ta shiga hanya za ta soke kanta a ƙarshe. Ita ma gadon tarho ce, Bell ya yi rajistar murɗaɗɗiyar waya tun 1881. In abin ya ƙi, a sa 'yar ƙaramar taransifomar raba sigina a tsakani. A cikin rak kuma wayoyin wuta su bi gefe ɗaya, na sauti su bi ɗaya gefen, in dole su haɗu to su gitta juna, kar su yi tafiya tare. Janareta ma a kafa masa sandar ƙasa, a kuma sa makashin da ke yanke wuta da zarar ta zurare da miliamfiya 30.

Bayan amfilifaya ma ba wurin wasa ba ne. Mai tura wat 1,000 cikin lasifika mai om 8 tana fitar da kusan bolt 90. Wannan na cikin dalilan da suka sa kamfanin Neutrik na ƙasar Liechtenstein ya fito da mahaɗin Speakon a 1987, wanda ake murɗawa ya kulle kuma yatsa ba ya kaiwa ga ƙarfensa.

Sai ƙa'idar kunnawa: amfilifaya ce ta ƙarshen kunnawa, ita ce kuma ta farkon kashewa. Miksa kan yi wata ƙara, ɗas, lokacin da wuta ta shige ta. In amfilifaya na kunne za ta ninka ƙarar nan ta watsa wa lasifika, ƙaramar lasifikar sama kuwa ba ta jure haka. Kuma a kunna su ɗaya bayan ɗaya, domin babbar taransifoma kan fizgi wuta mai yawa a ƙiftawar farko. In takwas suka fizga tare, janareta zai durƙusa.

Nauyi ya ragu, awo bai canza ba

Tun daga shekarun 1980 zuwa 1990 abubuwa biyu suka sauya sana'ar. Na farko, aka koyi ɗaga saurin kaɗawar wuta a cikin na'ura daga sau 50 zuwa dubun-dubatar sau a daƙiƙa, sai taransifomar da ta kai girman ƙwarya ta koma abin da za ka rufe a tafin hannu. Irin dabarar da ke cikin cajar wayarka ce. Na biyu shi ne aji D, inda taransista ba ta tsayawa rabi: ko a buɗe ɗungurungum ko a rufe ruf, tana sauyawa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa, sannan a tace abin da ya fito ya koma sauti. Tunda ba ta tsayawa a tsakiya, wutar da take ƙonawa kaɗan ce, ingancinta kan haura kashi 90. Tunanin tsoho ne, kamfanin Sinclair na Ingila ya sayar da wata 'yar ƙarama tun 1964, amma sai da aka samu taransista masu sauri kafin ya kankama. Yau akwai amfilifaya mai tsayin 2U, nauyinta bai kai kilo 15 ba, tana ba da dubban wat. Abin da ya buƙaci 48 a 1974, 'yan ƙalilan za su yi shi yanzu.

Kar wannan ya sa ka saki jiki. Kashi goma na wat dubu goma har yanzu wat dubu ne na zafi, kuma a cikin ƙaramin jiki ya taru, wanda ƙura ke saurin toshewa. A kasuwanninmu kuma tsofaffin masu nauyin nan na hannu suna nan birjik, su ne ma da yawa daga masu haya ke iya saye.

Saboda haka in ka sake zuwa taro, ko an ɗora maka alhakin kayan sautin masallacinku ko makarantarku, zagaya bayan rak ɗin ka duba abu huɗu: masu nauyi suna ƙasa kuma an tallafe su ta baya? Iska na shiga tana fita? Fulogin na da ƙafafunsa uku? Wa ake fara kunnawa? In ka ga bargo a kai, ka yi wa mai kayan sallama, ka gaishe shi da aiki, sannan ka roƙe shi ya sa hannu a bayan akwatin ya ji da kansa.